Ƙwallon Dabino Hamsin da Shida

Duk Bahaushen da ya zauna a unguwar Ulaisha ta birnin Riyad a shekarun casa'in ya san Ɗan'iya, ko da bai san sunansa na yanka ba. Haliru aka raɗa masa, amma sunan bai raka shi ko makarantar firamare ba. Dogo ne siriri mai ɗan rankwafawa, kullum da biro biyu a aljihun gaba, yana aikin tafinta a wani ƙaramin asibitin kuɗi da ke bayan masu sayar da kayan gini. Hausawan Riyad Akawu suke kiransa, wasu don girmamawa, mafi yawa don tsokana. Waɗanda suka zo daga baya sun same shi mutum marar magana, wanda in an buɗe rediyo a wurin hira sai ya nemi takalminsa, kuma ba ya cin dabino a ƙasar da ba a karɓar baƙo sai da dabino. Sun ɗauka haka Allah ya yi shi. Ba haka ba ne. An yi lokacin da in Ɗan'iya ya soma magana, sai dai kiran salla ya katse shi.

Gaskiya ɗaya ce, bai taɓa zama akawun majalisa ba. A zamanin farar hula na farkon shekarun tamanin ya yi aiki a majalisar dokokin jiharsu, aikin kuma bai wuce uku ba: ya kaɗa ƙararrawa, ya rarraba takardun zama, in gardama ta yi tsanani har shugaban majalisa ya ce a yi ƙuri'a, shi ke bi layi-layi yana ƙirga hannuwa. Shekara huɗu yana wannan ƙirga, ya fito da darasi ɗaya wanda ya ɗauka shi ne ilimin duniya gaba ɗaya. A majalisar tasu, gwamna ɗan wata jam'iyya ne, masu rinjaye kuma 'yan wata. Gwamnan bai taɓa kawo abu sun ce to ba. Ya kawo sunayen kwamishinoni suka watsar, ya sake kawowa suka sake watsarwa. Da zai aiko musu takarda cewa gobe rana za ta fito daga gabas, da sai sun kafa kwamiti. Ɗan'iya kan rubuta sakamakon ƙuri'a a tafin hannunsa tun kafin a zauna, bayan an tashi ya buɗe wa masinjoji, kuma bai taɓa kuskuren ko mutum ɗaya ba. Abin da ya riƙe ke nan har ya tsufa da shi: ɗan majalisa ba ya tsallake jam'iyyarsa, ko da mahaifiyarsa ce a ɗaya ɓangaren.

Da sojoji suka karɓi mulki a ƙarshen tamanin da uku, ya je aiki ya tarar da kwaɗo a ƙofa da soja a kan bencin maigadi. Ya ce ya zo ɗaukar ƙararrawarsa ne. Sojan ya dube shi sama da ƙasa, ya ce ya ɓace masa da gani. Shekara biyu yana buga-buga, yau rubuta wa mutane wasiƙa a bakin gidan waya, gobe gadin jarrabawa, har wani ɗan garinsu, Likita Bashari, likitan mata da ke aiki a Riyad, ya samo masa gurbi a asibitinsu. Turancin majalisa yana nan a bakinsa, Larabcin zaure da ya yi a ƙuruciya kuma ya haɗu da na titi, sai ya zama shi ke tsayawa tsakanin nas-nas 'yan Filifin da tsofaffin Larabawan ƙauye masu kawo ciwon gwiwa. Kafilinsa, wato mai asibitin, wanda takardar zamansa da fasfonsa ke hannunsa, ya ga amfaninsa har ya sa hannu aka kawo masa matarsa, Shafa'atu.

Shafa'atu mace ce mai ƙarancin magana, kamar Allah ya raba musu ne ya ba mijin kaso tara. Ɗinkin hula take yi a ɗaki, ta aika kasuwar Badha a sayar. Shekararsu goma sha huɗu da aure babu ɗa a raye. Ciki uku ta yi a gida Najeriya, duka ukun suka zube kafin wata shida, na ƙarshen ma a barandar wani asibiti, ana jiran a samo man janareta. Ɗan'iya yana tsaye a wurin ranar, bai kuwa taɓa mancewa ba. Yana sonta so na gaske, irin wanda namijin Bahaushe ba ya faɗa sai dai ya sayo tsire ya ajiye. Sa'ad da sojojin Iraƙi suka shiga Kuwait a watan Agusta na shekarar casa'in, tana da ciki na huɗu, wata biyu. Likita Bashari ya duba ta, ya ce bakin mahaifarta ne ba ya riƙo, ya ɗinke shi, ya hana ta ɗaukar ko bokitin ruwa. Cikin ya zauna. Ya wuce wata biyar, ya wuce shida, abin da bai taɓa yi ba.

Garin kuwa yana ta cika da sojojin Amurka da na ƙawayenta. Motocin yaƙi na wucewa ta babban titi suna yin gabas, jirage ba sa barin mutum ya ji maganar na kusa da shi, otal-otal sun cika da mutanen Kuwait da suka gudo da abin da mota ta iya ɗauka. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wa'adi: Iraƙi ta fita kafin sha biyar ga Janairu, ko a fitar da ita. A shagunan unguwa shinkafa da ruwan gora da batir suka fara ƙarewa, sai kuma salatif, domin an ce a liƙe tagogi saboda iskar guba. Wanda duk kafilinsa ya yarda ya sa masa hannu a bizar fita, ya fara tura iyalinsa gida.

Wurin hirarsu shagon Harouna ne, wani tela mutumin Maraɗi, a wani lungu na Badha. Bayan la'asar ake haɗuwa, a ɗora shayi, a buɗe rediyo a ji sashen Hausa, in ya ƙare Ɗan'iya ya murɗa zuwa na Turanci yana fassarawa, yana ƙara gishirinsa. A nan ne ya fara jin cewa 'yan majalisar Amurka sun tayar da ƙayar baya. Suna cewa shugabansu ba shi da ikon shiga yaƙi sai da izininsu, a bar takunkumi ya yi aiki, a bar masu sulhu su gama magana. Da ya ƙara jin cewa shugaban ɗan wata jam'iyya ne, masu rinjaye a majalisun biyu kuma 'yan wata, sai ya miƙe tsaye har ya kusa zubar da shayin mutane. Kifi ya ga ruwa. Shekara bakwai rabonsa da majalisa, ga ta yau ta biyo shi har shagon tela.

Washegari ya zo da ƙwallon dabino ɗari cif a cikin leda, waɗanda ya yi ta tarawa daga ɗakin shan gahawa na asibiti, da 'yan kwanoni biyu. Ya ce majalisar dattawansu mutum ɗari ce. Ya ƙirga arba'in da huɗu ya zuba a kwano ɗaya, ya ce na shugaban ƙasa ke nan. Ya zuba hamsin da shida a ɗayan, ya ce waɗannan su ne 'yan adawa. Sannan ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya, ya tambaya ko akwai wanda ya taɓa ganin arba'in da huɗu ta rinjayi hamsin da shida. Ba za a yi yaƙi ba, in ji shi, shi ya ci wannan tuwon shekara huɗu, ya san ɗanɗanonsa.

Likita Bashari, wanda kan leƙo ranar da ba shi da aiki, bai yarda ba. Shi a ganinsa 'yan majalisar sun makara. Da da gaske suke, da tun watan Nuwamba suka taka birki, lokacin da aka ninka yawan sojojin. Yanzu an riga an jibge dubban ɗaruruwan mutane a cikin rairayi, ana ciyar da su ana shayar da su, wa zai ce su naɗe tantinsu su koma haka nan? Ba a fafe gora ranar tafiya. Harouna kuma, da allura a bakinsa, cewa ya yi ba makara suka yi ba, gaggawa suka yi. Mahaifinsa ya shekara talatin yana sasanta manoma da makiyaya a ƙauyensu, kuma dokarsa ɗaya ce: muddin dattawa suna wajen sulhu, kada wanda ya yi tari a cikin gida.

"Akawu," ya ce, "shi mutumin Bagadaza ba shi da rediyo ne? Abin da ka ji shi ma ya ji. Zai ce ai gidansu a rabe yake, ba za su iya ba, ya gyara zama. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga."

"To yaushe kake so su yi magana?" in ji Ɗan'iya. "Likita ya ce sun makara, kai ka ce sun yi sauri. Sai an fara binne 'ya'yan mutane sannan su buɗe baki? Ai don irin wannan ranar aka zaɓe su."

A nan kam ya fi su gaskiya. Kowannensu yana da guntun gaskiyarsa, tela da likita da tafinta, kuma babu ɗaya daga cikinsu da wani zai tambaya. Da maganar ta tsaya a shagon Harouna, da babu abin da ya ɓaci sai shayi. Sai dai Ɗan'iya ya kwashi kwanoninsa ya kai gida, ya ɗora su a kan kantar da ke saman rediyon ɗakinsu.

Shafa'atu ta ce tana son tafiya gida. Ta faɗa a watan Nuwamba tana ɗinki, ba ta ko ɗago kai ba. Ta sake faɗa a Disamba, ranar da maƙwabciyarsu 'yar Sudan ta zo sallama. Ta ce ita dai ko babu yaƙi, haihuwar fari a gaban uwa ake yi, Inna tana can ta tara itacen wankan jego tun da ta sami wasiƙa, kuma a nan duk jirgin da ya wuce sai ta ji ɗan ya dunƙule a cikinta. Ɗan'iya bai ƙi ba a lokacin. Ya bi kafili sau biyar har ya sa hannu a bizar fita, ya yi kwana uku yana zarya ofishin masu sayar da tikiti inda mutane ke dambe a kan layi, har ya samo kujera ɗaya tak, daga Riyad zuwa Jidda, daga Jidda zuwa Kano, ranar Litinin bakwai ga Janairu.

Likita Bashari ya zaunar da su ya yi musu bayani dalla-dalla. Cikin ya shiga wata bakwai. In za ta tafi, to wannan jirgin ne, domin bayansa ko an sami kujera ba za su ɗauki mai ciki irin nata ba. In za ta zauna, ta zauna ɗin har ta haihu, shi zai karɓi haihuwar da hannunsa, ga kwalbar saka jariri, ga jini, ga wuta ba ta ɗaukewa. Idan babu yaƙi, zamanta ya fi. Idan akwai, tafiyarta ta fi. Abu ɗaya ne ya ja musu kunne a kai: kada ta kuskura ta yi doguwar tafiya a mota, ɗinkin ba zai ɗauka ba. Ya ce shi likita ne, ba ya duba, zaɓi ya rage nasu.

A makon nan ne labarai biyu suka zo a jere. Sabuwar majalisar Amurka ta zauna, 'yan adawa suna ta cewa sai an kawo maganar gabansu. Sannan aka sanar cewa ministocin harkokin wajen Amurka da Iraƙi za su gana a Janeba ranar tara ga wata. Ɗan'iya ya dawo gida kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Ga sulhu a waje, ga majalisa a gida ta riƙe wa shugaba riga, ta ina yaƙi zai fito? Ya tsaya gaban kwanonin nan, ya tuna barandar asibiti da man janareta, ya ji ba zai iya mayar da ita can da hannunsa ba alhali ga Likita Bashari a nan. Ba mugunta ba ce, tsoro ne da so, sai kuma wancan abin da ya fi su ƙarfi, wato jin cewa shi ya sani.

Shafa'atu ta riga ta ɗaure akwati. Da ya gama yi mata lissafin, ya ɗauka ta gamsu.

"Malam," ta ce, "ni ban san waɗannan mutanen ba. Kai ma ba ka san su ba. Ka bar ni in tafi."

Ya yi dariya, ya ce ba sai ya san su ba, ɗan majalisa ɗan majalisa ne ko a ina, jar fata ba ta sake hali. Ya ce ta kwance akwatin. Ta kwance, domin haka aka tarbiyyantar da ita, kuma da ma karo na uku ke nan da ta faɗa. Kujerar kuwa ba ta yi kwantai ba. Harouna ya bi ya sa aka mayar da ita sunan matarsa Mariamou, wadda ba ta da ciki ba ta da ciwo, tsoro kawai take ji ba ta kuma ɓoye ba. Ranar Litinin Ɗan'iya ne ma ya taya shi kai ta filin jirgi, yana tsokanarsa a hanya cewa mutanen Maraɗi sun cika gudun abin da bai zo ba.

Ranar Laraba aka zauna a Janeba. Sama da awa shida ana magana, a shagon Harouna ana cewa tsawon zaman alheri ne, sai aka fito babu abin da aka ƙulla. Ɗan'iya ya ce kada a damu, saura majalisa. Kwana uku 'yan majalisar suna muhawara, yana manne da rediyo, duk wanda ya tashi ya yi jawabin ƙin yaƙi sai ya gyaɗa kai kamar malamin da ɗalibinsa ya kawo hadda daidai. Ranar Lahadi da safe, yana shirin fita aiki, aka faɗi sakamako. Hamsin da biyu sun ba shugaba izini, arba'in da bakwai sun ƙi. Biyu daga ɓangaren shugaba sun ƙi, ɗaya daga 'yan adawa bai halarta ba, amma mutum goma daga cikinsu sun tsallaka.

Ya daɗe tsaye da takalmi ƙafa ɗaya. Daga nan ya sauko da kwanonin, ya ɗebi ƙwallo goma daga mai yawan, ɗaya bayan ɗaya, ya mayar ɗayan, yana duba kowanne kamar zai gane fuskar mai shi. A majalisarsu da mutum ya yi haka, da ba zai kwana a gidansa ba. Shafa'atu tana zaune a bakin gado tana kallonsa. Ya fita a guje zuwa ofishin tikiti, ya tarar da mutane har titi da takarda a manne a ƙofa. Ko da an sami kujera ma, wa zai ɗauke ta? Da-na-sani ƙeya ce, a baya take.

Ranar Alhamis aka wayi gari da yaƙi. Jiragen fasinja suka tsaya. Aka umarci asibitoci su sallami duk wanda zai iya tafiya da ƙafarsa, a bar gadaje don masu rauni. Rabin nas-nas da ma sun riga sun gudu. Likita Bashari, wanda aka yi duk wannan zama dominsa, aka haɗa shi da wasu likitoci aka tura su wani asibiti can gabas, ko sallama bai samu yi musu ba sai 'yar takarda da ya bari a teburin Ɗan'iya, cewa ta kwanta, kada ta motsa. Suka liƙe taga da salatif, suka toshe ƙarƙashin ƙofa da jiƙaƙƙen tawul. Abin rufe fuska na iskar guba bai kai ga irinsu ba.

Kwana uku bayan haka makamai masu linzami suka fara faɗowa Riyad. Jiniya ta yi kuka, sama ta yi ƙara, gini ya girgiza. Safiyar Talata suka ga gilashin tagarsu ya tsage daga sama har ƙasa, salatif ne kawai ke riƙe da shi, mutanen unguwa kuma suna ta ɗaure katifu a kan motoci, kowa ya nufi yamma, wajen Ɗa'ifa da Makka da Jidda, inda aka ce makaman ba sa kaiwa. Shafa'atu kwana biyu ba ta runtsa ba, ba ta ci ba. Harouna ya zo da tsohuwar motarsa ya ce shi ya rufe shago, Jidda za shi, akwai wuri a baya.

Ta ce za ta bi shi. Wannan karon ba roƙo ta yi ba, mayafinta kawai ta ɗauka.

Ɗan'iya yana sane da abin da Likita ya ce. Takardar tana aljihunsa, bayan biro biyun nan. Tafiyar kusan kilomita dubu ce. Ya kuma san cewa a gari mai girman Riyad, da wuya makami ya zaɓi ɗakinsu, hanyar ce ta fi haɗari nesa ba kusa ba. Wannan lissafin nasa daidai ne. Amma da wane baki zai sake kawo mata lissafi? Ya dubi fuskarta. Ranar da ya kamata ya bar ta ya hana, yau da ya kamata ya hana ba shi da sauran ikon hanawa, ya riga ya kashe shi a kan ƙwallon dabino. Ya je wurin kafili ya karɓo takardar izinin fita gari, ya shimfiɗa mata bargo biyu a kujerar baya.

Hanyar ta cika maƙil. Abin da ake yi a awa ɗaya suka yi a uku, ga sanyi, ga shingayen bincike, ga layi a kowane gidan mai. Harouna yana tuƙi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, duk da haka kowane ɗan tudu sai Ɗan'iya ya ji shi a cikin nasa cikin. Bayan azahar, sun wuce rabin hanya, babu komai hagu da dama sai fili da baƙaƙen duwatsu, ta kira shi a hankali ta ce ya duba bargon. Ya duba. Da ya ga jini, sai ya ce wa Harouna ya taka mota.

Garin da suka fara samu ƙarami ne, gidan mai da masallaci da 'yan gidaje, da wani ɗakin shan magani mai likita ɗaya da nas ɗaya. Mutanen kirki ne, sun yi abin da za su iya. Babu kwalbar saka jariri, mafi kusa tana can gaba tafiyar awa uku. Ɗan'iya ne ya yi tafinta, domin aikinsa ke nan, shi ya riƙa mayar da maganar likitan zuwa Hausa yana gaya wa matarsa, har da maganar ƙarshe. Namiji ne. Ya yi kuka sau ɗaya, ɗan siriri, ya rayu daga la'asar zuwa gab da magariba. Tun da ya yi kuka, limamin garin ya ce a raɗa masa suna a yi masa salla. Ɗan'iya ya ce Abdulbasit. Su biyar suka sallace shi, da shi da Harouna da liman da wasu direbobin tirela biyu da ba su san ko daga wace ƙasa yake ba, suka binne shi a bayan gari, aka kafa dutse marar rubutu kamar yadda ake yi a can.

Shafa'atu ta rayu. Bayan kwana huɗu suka juyo Riyad, domin babu sauran wanda za a gudu dominsa. Tagar tana nan yadda suka bar ta, babu abin da ya sami gidan har yaƙin ya ƙare a ƙarshen Fabrairu. Mariamou ta aiko wasiƙa daga Maraɗi cewa ta sauka lafiya, tana gaida mai ciki. Likita Bashari ya dawo, ya duba Shafa'atu, ya kira Ɗan'iya gefe ya ce masa kada su sa rai da wani. Harouna bai taɓa ce masa ai na faɗa maka ba, ko sau ɗaya, wannan kuwa ya fi yi wa Ɗan'iya ciwo da a ce ya faɗa.

Ita ma ba ta zarge shi ba. Ta yi wankan jegonta ita kaɗai da ruwan hita, kwana arba'in, tana dafa masa abinci tana gaishe shi in ya dawo. Da jirage suka dawo aiki ta ce za ta je ta ga Inna, ya ce to tun kafin ta rufe baki. Ba ta sake komowa Riyad ba. Auren bai mutu ba, duk shekara yakan je hutu ya same ta a gidan da ya gina mata, ta karɓe shi da ladabi kamar baƙon da ake girmamawa. A casa'in da tara, da farar hula suka dawo, wani tsohon abokin aikinsa ya rubuto masa cewa sabuwar majalisa tana neman waɗanda suka san aiki, ya zo ga wuri. Ɗan'iya ya ninke wasiƙar ya sa a aljihu, bai ba da amsa ba.

Abin da ya hana shi ya faru ne tun ranar da za ta tafi. Da hantsi ne, Harouna yana ƙasa da mota yana jira. Ta gama ɗaure akwatin nan da ta taɓa kwancewa, tana duba ɗaki ko ta manta wani abu, sai idonta ya kai kan kantar nan. Kwanonin suna nan, ƙura ta rufe su, shi ya kasa taɓa su, ita kuma ba ta taɓa share wurin ba. Ta sauko da su, ta zauna a bakin gado, ta juye su duka a kan zanenta. Ta daɗe tana jujjuya su da yatsa. Babu faɗa a muryarta, tambaya ce kawai irin ta mai son sani.

"Malam, ka ce ɗari ne cif?"

Ya ce ɗari ne.

"To a cikinsu wanne ne nawa?"

Harouna ya danna hon a ƙasa. Ta tattara ƙwallayen ta zuba masa a tafin hannu, wanda dā yake rubuta sakamako a kai, ta ɗauki mayafinta ta fita. Hannun bai iya riƙe su duka ba, suka riƙa zubewa a kan siminti.